Daga Gombe Zuwa Ƙololuwar Gangirwal: Tambayoyi da Amsoshi Kan Hawan Dutse Ta Cikin Kurmi

Duk wanda ya saba fita hawan duwatsu a ƙasar Gombe, bayan ya taka Bima ya leƙa Tula, ba ya daɗewa sai ka ji ya fara zancen Gangirwal. Buri ne mai kyau, kuma ina son in ga mutanenmu da yawa sun cika shi. Damuwata guda ce. Mu mutanen nan mun san zafin rana, mun san tsandauri da duwatsu masu ƙuna, amma ba mu san sanyi mai haɗe da jiƙewa ba, ba mu san hanya mai miƙewa sama a cikin kurmi ba. Abin da ke karya mu ke nan a can, ba rashin ƙarfi ba. Ga tambayoyin da aka fi yi, da amsoshinsu gwargwadon abin da zai amfani mai niyya.

Wane dutse ne Gangirwal, kuma a ina yake?

Shi ne dutsen da ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya. A taswira an fi rubuta shi da Chappal Waddi, tsawonsa mita 2,419 daga doron teku. Yana jihar Taraba, daidai kan iyakar Najeriya da Kamaru, a cikin gandun dajin Gashaka Gumti, wanda aka mayar gandun daji na ƙasa a 1991. Wannan gandu shi ne mafi faɗi a ƙasar nan, ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya kwanta a Taraba ya ɗan tsallaka Adamawa. Don a gane girman abin, duwatsun Shere na kusa da Jos, waɗanda mutanen Bauchi suka sani, tsawonsu wajen mita 1,829 ne. Garin Gombe kuwa bai wuce mita 400 zuwa 500 ba.

Ƙololuwar kanta fili ce mai ciyawa, iska na kaɗawa, ba inuwa. Kurmin yana ƙasa da nan, a jikin gangare da cikin kwazazzabai inda ruwa ke sauka. Ruwan da ke fita daga waɗannan duwatsu shi ke ciyar da kogunan da ke zuba cikin kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai.

Ta ina ake bi daga Gombe?

Hanyar Yola za ka kama, ka wuce Billiri da Kaltungo da Cham har Numan, daga nan ka karkata Jalingo. Daga Jalingo sai Bali, sai Serti, inda ofishin gandun dajin yake. Bayan Serti, a Mayo Selbe, titi ke fara nannaɗewa yana hawa tsaunin Mambila, ya kai ka Nguroje da Gembu. Masu hawa da yawa ta ɓangaren Mambila suke tunkarar dutsen, a bar mota a hau babur zuwa ƙauyukan ƙarshe, daga nan kuma sai ƙafa. Mutumin Bauchi zai fara zuwa Gombe ne ya haɗe da wannan hanya.

Kada a shirya tafiyar a matse. A ware mako guda, zuwa da dawowa, kuma kada a yi tafiyar dare a mota.

Ina buga ƙwallo kullum, ba na gajiya. Har sai na yi wani shiri?

Sai ka yi, ɗan'uwa. Filin ƙwallo shimfiɗe yake, kuma minti casa'in ne a tashi. Hawan dutse kuwa awa shida ne ko takwas, da kaya a baya, kashegari kuma a sake. Jijiyoyin da ke aiki ma daban ne: cinya ta gaba, sha-raɓa, gwiwa, da ƙugu.

Allah ya hore mana wuraren gwaji a ƙofar gida. Akwai dutsen Bima a wajen Dadin Kowa, akwai tsaunin Tula da ake hawa daga Kaltungo, akwai duwatsun ƙasar Tangale. Mutanen Bauchi suna da Zaranda da Mbula na Dass. Dutsen Kilang da ke kusa da Kaltungo yana da kyan gani, amma samansa a tsaye yake, ba wurin ɗan koyo ba ne, kuma kada kowa ya tunkare shi ba tare da mutanen wurin ba. A fara shiri wata biyu kafin tafiya. Kowane mako a yi doguwar fita guda, a goya jaka mai nauyi, a sa takalmin da za a je da shi. A tsakiyar mako wanda ke da bene kusa ya yi ta hawa da sauka. In har ka iya yin awa biyar a kan tudu yau, gobe ka tashi ka sake yin uku ba tare da gwiwa ta kumbura ba, to ka kama hanya.

Abin da duwatsunmu ba za su koya maka ba shi ne santsi. Wanda ya samu sarari, ya ɗan tsaya a kurmin Ngel Nyaki da ke kan Mambila kusa da ƙauyen Yelwa, ya nemi izini ya taka gangarensa na 'yan awoyi. Nan ƙafa za ta fara fahimtar abin da ke gabanta.

Me ya sa ake ta nanata wahalar kurmin? Ai inuwa ce, ta fi rana daɗi.

Inuwa ce, gaskiya, kuma da ka shiga za ka ji sanyin rai. Amma ka dubi ƙasa. Rana ba ta isa ƙasan kurmi sosai, don haka ko da rani akwai wuraren da ba sa bushewa. Ganye ya zuba ya ruɓe a kan jar laka, laka kuma ta yi santsi kamar miyar karkashi. Saiwoyin itatuwa sun fito sun gicciye hanya, gansakuka ta lulluɓe su. Ido zai nuna maka saiwa a matsayin matakala, amma duk wanda ya ɗora tsakiyar takalminsa a kan jiƙaƙƙiyar saiwa, ƙafar za ta tafi ta bar shi. Ana taka ƙasar da ke bayan saiwar ne, inda ta tare laka ta yi ɗan dandamali. Haka dutsen da ke bakin ƙorama: wanda ya yi kore ko ya yi baƙi yana ƙyalli, a ƙetare shi.

A wurin da hanya ta miƙe sosai, hannu ma yana aiki. Kafin ka rataya nauyinka a jikin reshe, ja shi tukuna ka ji. Itacen kurmi yakan ruɓe daga ciki alhali bayansa lafiya lau, kuma wasu kurangun suna da ƙaya. Ka bar tazara tsakaninka da na gabanka, don reshen da ya tura ya saki a fuskarka zai dawo, dutsen da ƙafarsa ta zame kuma kai zai nufa. In dutse ya kuɓuce maka, ka ɗaga murya ka ce "dutse!" nan take, ba kunya.

Sai kuma maganar gani. A kan Bima kana hango inda ka fito da inda ka dosa. A cikin kurmi ba ka ganin komai sai itatuwa, kowace kwana ta yi kama da wadda ta wuce, sawun dabbobi da na shanu yana haɗuwa da hanyar mutane yana rabuwa. Ga gumi da ba ya bushewa saboda iska ba ta motsi. Mutum yana jiƙe sharkaf, sai ya ɓulla fili a sama, iska mai sanyi ta doke shi. A nan ne rawar ɗari ke farawa.

Yaya ake tafiyar ba tare da numfashi ya ƙare ba?

Da gajeren taku. Matashi mai jini a jika yakan fara da dogon taku yana tsallake biyu-biyu, bayan rabin awa ka same shi zaune yana haki. Ka lura da Bafulatanin da ke kora shanu a kan tudu: takunsa ƙanana ne, ba ya sauri, ba ya tsayawa. Ma'aunin da nake ba kowa shi ne, in ba ka iya yin magana da na kusa da kai kana tafiya ba, ka yi sauri da yawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai tsohon lissafi da masu hawan duwatsu ke amfani da shi: awa guda ga kowane kilomita 5 na nisa, sannan a ƙara awa guda ga kowane mita 600 na hawa. Wannan na mai ƙoshin lafiya ne a hanya mai kyau, ba hutu a ciki. A kurmi da kaya a baya, a ƙara aƙalla rabinsa. Hutu kuma gajere ya fi, minti biyar zuwa goma bayan kowace awa. Dogon zama yana sanyaya jiki, tashi ya yi wuya. Mafi rauni a cikin ayari shi ke bin bayan jagora, mai ƙarfi kuma mai haƙuri ya tsaya a ƙarshe.

Wai da gaske saukowa ta fi hawa haɗari?

Da gaske ne. A hawa huhu ke wahala, a saukowa gwiwa da idon sawu. Ga gajiya ta taru, ga hankali ya riga ya koma gida. Yawancin targaɗe da faɗuwa a nan suke faruwa. A sake ɗaure igiyar takalmi tamau kafin a fara gangara don kada yatsu su yi ta dukan gaba, a yanke farce tun daga gida. A ɗan lanƙwasa gwiwa, kada a jingina baya, a sa sanda gaba. Inda ya yi tsaye da yawa a juya a fuskanci dutsen a sauka da baya, ko a zauna a ja jiki. Wando ne kawai zai yi datti.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Daga Disamba zuwa farkon Maris. Damina a can ta fi tamu tsawo da ƙarfi, takan fara tun wajen Afrilu ta kai Oktoba ko ta ɗan wuce. A cikinta ƙoramu suna cika ba sa ƙetaruwa, hanyar babur ta lalace, gajimare ya sauko ya rufe dutsen har ba ka ganin wanda ke gabanka da taku goma. Ga tsawa, kuma ƙololuwa mai fili ita ce wuri mafi muni da hadari zai riski mutum. Ko da rani, in aka ji rugugi, a bar tudu a gangara, kada a fake gindin itace guda da ke tsaye shi kaɗai.

Aibin rani shi ne hazo. Wani lokaci za a sha wahala a kai sama a tarar ƙurar hunturu ta rufe nesa. Akwai kuma gobarar daji, don lokacin ne ake ƙona ciyawa. Wuta tana gudu sama a kan gangare fiye da yadda take yi a fili, saboda haka in aka hango hayaƙi a ƙasa da ku, maganar jagora ita ce doka.

Sanyin ya kai na hunturun Gombe?

Ya wuce shi, kuma iri ne daban. A ƙa'ida, kowane mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi. Tsakanin Gombe da ƙolin Gangirwal akwai kusan mita 2,000, ka ga an zabge wajen digiri 13 ke nan, ba a ma sa iska da raɓa a lissafi ba. Da asuba za ka tarar tanti ya jiƙe da raɓa ciki da waje, ciyawa tana ɗiga, yatsu sun ƙage har ɗaura igiyar takalmi ta zama aiki, ruwan alwala kuma yana cizo.

Babban abokin gaba shi ne jiƙaƙƙen tufafi. Rigar auduga tana shan gumi ta riƙe, wandon jins kuma in ya jiƙe sai ya yi nauyi ya ƙi bushewa. Rigar 'yan ƙwallo ta fi su, don tana saurin bushewa. A sa tufafi hawa-hawa, mara nauyi a ciki, rigar sanyi a kai, rigar ruwa a waje, ana cirewa ana mayarwa gwargwadon hali. A ware kaya guda na barci, busassu, a ƙulle su cikin leda, kada a taɓa su sai an sauka zango. Hular sanyi da safar hannu da safar ƙafa mai kauri ba ado ba ne. A shimfiɗa wani abu tsakanin jiki da ƙasa, don ƙasa tana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska.

In ka ga abokin tafiya yana karkarwa ba tsayawa, maganarsa tana harɗewa, yana tuntuɓe, yana amsa tambaya a birkice, sanyi ya shige shi, kuma abin yana kisa. A tsaya nan take, a kare shi daga iska, a cire masa jiƙaƙƙun kaya a sa busassu, a lulluɓe shi, a ba shi shayi mai zafi da sukari in yana iya haɗiya.

Ina roƙon kowa da babbar murya: kada a shigar da garwashi ko risho cikin tanti don jin ɗumi. Hayaƙin gawayi yana da guba marar wari, mutum yana barci ya wuce bai sani ba.

Wane takalmi, kuma me za a zuba a jaka?

Takalmi mai kaushin ƙasa wanda ya kama idon sawu, kuma wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi. Sabon takalmi bororo yake kawowa tun ranar farko. A gwanjo ana samun masu kyau, sai dai a duba ƙasansu bai ɗaye ba. Za ka ga ɗan dako yana tsere maka da takalmin roba, kada ka kwaikwaye shi, shi a nan ya tashi. Da ka ji wani wuri a ƙafa ya fara zafi, ka tsaya ka manna filasta kafin ya tashi.

Jaka ta zama ta goyo mai ɗamara a ƙugu, nauyinta kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinka. A ciki: tocila, wadda ake ɗaurawa a goshi ta fi, da batir na ajiya, ashana cikin leda, wuƙa, usur, bandeji, filasta, maganin ciwon jiki, gidan sauro don kwanan da za a yi a ƙasa, da abin cajin waya. Sanyi yana shanye batir, a kwana da waya a jikin mutum. Sanda kuwa, irin ta makiyaya ta wadatar.

Abinci a ɗauki mai ƙarfi marar nauyi: garin kwaki da sukari da ƙuli-ƙuli, dabino, gyaɗa, dakuwa, kilishi, zuma, ganyen shayi da madarar gari, taliya ko shinkafa don dare. A riƙa ɗan ci kaɗan-kaɗan a hanya, kada a jira sai yunwa ta kayar da mutum.

Ruwan ƙorama yana shawuwa?

Garau yake a ido, sanyi ƙalau, amma shanu da namun daji suna sha a sama da inda kake. A tafasa shi. Minti guda yana tafasa ya isa a ƙasa, in an haura mita 2,000 a bar shi minti uku, saboda a can ruwa yana tafasa kafin ya yi zafin da yake yi a gida. Ko a yi amfani da ƙwayar tsarkake ruwa a bi umarnin da ke jikinta. Mai hawa yana buƙatar lita 3 zuwa 4 a yini, kuma sanyi yana ɓoye ƙishirwa, sai a duba fitsari: in ya yi ja, ruwa ya yi ƙaranci. A tafi da ruwan gishiri da sukari na sacet. In babu, lita guda ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Masu tunanin haɗiyar ƙwaya don ƙarin kuzari, ku yi wa Allah ku bari. Ƙwaya tana rufe ciwon da ke gargaɗinka, tana kawo jiri, wasu ma tana jefa su farfaɗiya, a wurin da kuskuren taku guda ya isa.

Dole ne sai da jagora? Ina da taswira a waya.

Dole ne, ta fuskar doka da ta hankali. Gandun daji ne na gwamnatin tarayya, ba a shiga sai da izini, kuma ma'aikatansa su ke haɗa baƙo da mai rakiya. A tuntuɓi ofishinsu na Serti tun kafin a bar gida, a ji kuɗin shiga na lokacin, a kuma tambayi halin tsaro a hanya da cikin daji. In suka ce a dakata, a dakata. A riƙe katin shaida, don kan iyaka ne, akwai shingayen jami'ai. Sabis ɗin waya kuma ba abin dogaro ba ne, taswirar waya ba ta san ƙoramar da ta ƙafe ba, ba ta san inda ɓauna ta kwana ba. Da ɗan gari akan ci gari.

A ƙauyen ƙarshe, kafin a ɗauki jaka, a je a gai da Jauro. A cire takalmi, a durƙusa, babba a cikinku ya yi magana: "Allah ya ja zamanin Jauro, baƙi ne daga Gombe, mun zo neman izini da albarka za mu hau dutse." A ajiye ɗan goro ko sukari da ganyen shayi. Mutanen Gombe muna da sa'a a nan, don da wuya ayari ya rasa mai jin Fulatanci, kuma gaisuwa da harshen mutum tana buɗe ƙofa. In wani abu ya faru a sama, waɗannan mutanen ne za su hau su ɗauko ku.

Ɗan dako kuma abokin tafiya ne. A yi ciniki a gama tun a ƙasa, kada a lafta masa abin da kai ba za ka iya ɗagawa ba, a ci tare, a tabbatar yana da abin rufa. Wanda ya girme ka, Baba ne ko Malam, ba "kai" ba.

Namun daji fa? Da macizai?

Gashaka Gumti gida ne na birai iri-iri, har da chimpanzi, wanda nan ne ɗaya daga cikin manyan mafakarsa da suka rage a Najeriya. Akwai gwaggon biri, baƙin biri mai farin gashi a kafaɗa da jela, ɓauna, mazo, aladen daji, da dorina a manyan koguna. Akasari za ka ji motsinsu ne ko ka ga sawu, su sun riga sun gan ka sun kauce. Kada a ba biri abinci, kada a bi dabba don hoto.

Ƙananan halittu su suka fi damun matafiyi. Kwarkwasa takan ratsa hanya a jere, baƙin layi mai motsi, manyan masu kai suna tsare gefe da baki a buɗe. In ka tsaya a kansu ba ka lura ba, ba za ka ji komai ba sai sun kai cinya, sannan su kama cizo gaba ɗaya. A tsallake da sauri, a yi gaba, a buga ƙafa, a tura bakin wando cikin safa. A ƙasa wajen koguna akwai tsando da ƙananan ƙudaje masu cizo, dogon hannu ne maganinsu. A cikin ciyawar da shanu ke bi akwai kaska, a duba jiki kowane dare. In aka ji kukan zuma a kogon itace, a wuce shiru.

Maganar maciji kuwa, ku saurara da kyau, don haɗarinsa ya fi yawa a wuraren atisayenmu na gida. Kububuwa macijiyar busasshiyar ƙasa ce mai duwatsu, kuma yankin Kaltungo da Billiri da Balanga ya yi suna da ita, shi ya sa ma asibitin masu saran maciji yake Kaltungo. Dafinta yana hana jini daskarewa. Kada a cusa hannu cikin rami ko ƙarƙashin dutse, kada a fita da dare ba tocila, a zazzage takalmi da safe saboda kunama. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau da igiya ko roba, kada a ɓata lokaci wajen neman macijin. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin a nufi asibiti ko da ya ce ba ya jin komai, don zubar jinin takan zo daga baya.

Ina da sikila. Wani kuma yana da hawan jini. Za mu iya?

Mai sikila, ƙanina, zan gaya maka gaskiya don ina ƙaunarka: sanyi, ƙarancin ruwa a jiki, wahala mai tsanani da ƙarancin iskar shaƙa a sama, su ne ainihin abubuwan da ke tayar da ciwon, kuma duk huɗun suna jiran mutum a wannan dutse, nesa da asibiti. Ban ba ka shawarar zuwa ƙoli ba. Mai hawan jini, ciwon sukari, asma ko ciwon zuciya ya ga likitansa tukuna, ya tafi da maganinsa, ya kuma sanar da shugaban tafiya. Ɓoye ciwo zalunci ne ga abokan tafiya.

Ciwon da tsawo ke kawowa an fi ganinsa daga mita 2,500 zuwa sama, Gangirwal kuma ya ɗan gaza haka. Duk da haka mutum zai ji numfashinsa ya gajarta, wani ya yi ciwon kai. Kwana guda a Nguroje ko Gembu kafin a fara yana taimakawa.

Mata suna hawa?

Suna hawa, kuma sau da yawa sun fi maza riƙe taku ɗaya. A tafi da muharrami ko cikin ayarin da iyaye suka aminta da shi. Dogon wando mai faɗi da riga zuwa gwiwa da hijabi gajere sun fi, don dogon hijabi da zani ƙaya na kama su, ƙafa kuma tana harɗewa a ciki.

Salla fa?

Nisan Gombe zuwa Mambila ya wuce na ƙasaru nesa ba kusa ba, sauran hukunce-hukuncen haɗa salla da taimama a tambayi malami kafin a tashi. Alƙibla gabas take da ɗan karkata arewa, a lura da mafitar rana tun da safe don a cikin kurmi ba a ganinta. Kada a sa wannan tafiya cikin watan azumi.

In ƙoli ya rage kaɗan amma lokaci ya ƙure?

A juya. Tun kafin a bar zango ake yanke lokacin juyawa, a ce ƙarfe ɗaya na rana ko an kai ko ba a kai ba, kowa ya amsa da bakinsa. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida da 'yan mintoci, duhu kuma yakan riga shiga kurmi da kusan awa guda. Saukowa a kan jiƙaƙƙun saiwoyi da tocila, ga gajiya, ita ce hanyar karaya. Na san zafin abin, an kashe kuɗi, an yi alkawarin hoto a Facebook. Amma ayari ba ya rabuwa, kuma ba a barin kowa shi kaɗai a hanya wai ya jira a dawo. Wanda ya ɓace ya tsaya inda yake, ya busa usur sau uku-uku, kada ya bi ƙorama yana neman mafita, don ƙoramun dutse sukan kai mutum bakin gwalalo.

Me ake yi da shara da wuta?

Duk ledar da ta hau da kai ta sauko da kai, har gwangwani da tsohon batir. Bayan gida a yi shi nesa da ruwa, a tona a binne, don akwai ƙauyuka da rugage da ke shan wannan ruwa a ƙasa. Ba a saran ɗanyen itace, ba a farauta, ba a rubuta suna da fenti a jikin dutse. Wutar girki a kashe ta da ruwa har sai an iya taɓa tokar da hannu.

Bayan an dawo gida akwai abin lura?

Ciwon cinya na kwana biyu-uku ba komai ba ne, zai wuce. Abin lura shi ne zazzaɓi. Wanda ya ji jikinsa ya yi zafi cikin makonnin da suka biyo baya ya je a gwada jininsa, kada ya tsaya sayen magani a kemis da ka, kuma ya gaya wa likita cewa ya shiga daji, ya sha ruwan ƙorama, ko kaska ko tsando sun cije shi. Haka gudawar da ta ƙi tsayawa, da gwiwa ko idon sawun da ya kwana uku bai sace ba.